Aikin saƙonnin barci a Gadarif: inda muka tsaya kan mafarki cikin sani

3 ga Nuwamba, 2024

Rukunin farko na saƙonnin murya ya fita, kuma yana yawo a wayoyin mutane fiye da yadda muka zata. Ga wanda bai san aikin ba, gajerun saƙonni ne da Hausa a kan barci da mugun mafarki, muna turawa ta WhatsApp ga mutanenmu da yaƙi ya koro zuwa Gadarif da ke gabashin Sudan. Akwai waɗanda suka baro Khartum tun Afrilun 2023, akwai 'yan Madani da suka fito a Disambar bara, sai mutanen Sinja da Dindir da suka iso cikin daminar bana. Ni ke rubutawa, da yake ilimin halayyar ɗan'adam na karanta. Wata ungozoma ce ke karantawa, don muryarta na kwantar da hankali. Wani likitan ƙwaƙwalwa kuma yana duba mana rubutun idan ya samu sarari. Ranar Juma'a bayan la'asar muna zama a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, a farfajiyar makarantar da aka sauke wasu iyalai.

Mun gama da masu sauƙi: shayi da jabana (gahawa) da dare, danna waya a kan shimfiɗa, dogon barcin yamma. Yanzu mun iso kan mugun mafarki, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu.

A zaman shekaranjiya wani saurayi mai tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na Larabci, ana koyar da yadda mutum zai gane yana mafarki alhali bai farka ba, har ya juya mafarkin yadda yake so. Shi ake kira mafarki cikin sani.

"Ustaza, wannan ya kamata ki saka mana. Sun ce in ka gane mafarki kake yi, sai abin da ka ce. Ni kullum a shingen nan nake tsintar kaina, ana sauke mu daga mota. In na koya, sai in wuce abina."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Yaron ya gaji, idanunsa sun faɗa, kuma bukatarsa ta gaskiya ce. Amma ba zan tura wa mutanen da barcinsu ya riga ya tarwatse wata dabara ba sai na san ko tana iya taɓa musu hankali. Aikin makonnin nan ke nan.

12 ga Nuwamba, 2024

Abu na farko da na so in tabbatar shi ne ko abin ma gaskiya ne. Gaskiya ne, ba ƙirƙirar masu bidiyo ba ce. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kansa tun 1913 daga nasa mafarkan. Hujjar da ake iya gani da ido ta zo a 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, a hannun Keith Hearne. Dabararsa ta burge ni. A matakin barcin da aka fi yin mafarki, jiki yana sakewa gaba ɗaya, amma ƙwayar ido tana kai-komo. Sai ya yi yarjejeniya da mai barcin tun kafin ya kwanta: in ka gane kana mafarki, ka juya idonka hagu, dama, hagu, dama. Na'ura ta nuna mutumin yana barci, kuma ga alamar idon ta fito a kan takarda. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka wajen 1980. A 2021 ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Jamus da Faransa da Holan, suka yi wa masu barci ƙananan tambayoyin lissafi, irin su takwas a cire shida, wasu suka amsa daidai da motsin ido.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike 34 na tsawon shekara hamsin ya nuna kusan kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki ko sau ɗaya ne, kashi 23 kuma suna yi aƙalla sau ɗaya a wata.

Na yi tambayar a ƙarƙashin rakuba, hannuwa suka tashi da yawa. Wata dattijuwa daga Sinja ta ce mini: "'Yar nan, ni duk sanda na ga mahaifiyata na san mafarki ne, tunda ni na yi mata wanka. Sai in zauna in ƙare mata kallo kafin in farka." Ta shekara da shekaru a haka, hankalinta garau, ita ce ma ke sasanta rigimar mata a wajen ɗibar ruwa. Abin da ya zo wa fiye da rabin mutane da kansa ba za a kira shi ciwo ba, kuma na rubuta wannan a saman takardata don kada tsoro ya sa mu firgita masu irin baiwar wannan dattijuwa.

24 ga Nuwamba, 2024

Na zauna na ware dabarun da bidiyoyin ke koyarwa. Kusan duk suna komawa ga abu uku.

Na ɗaya, da rana ka riƙa tambayar kanka a kai a kai, ido biyu nake ko mafarki nake yi? Ka ƙirga yatsunka, ka toshe hanci ka ga ko za ka iya numfashi. Wai in ya zama jiki, za ka yi tambayar a cikin mafarki ma. Na biyu, ƙudurta niyya lokacin kwanciya, ka yi ta nanata cewa in na sake yin mafarki zan tuna mafarki nake yi. Na uku, ka saita ƙararrawar waya ta tashe ka bayan awa biyar da kwanciya, ka ɗan zauna, sannan ka koma da waccan niyyar. Dalilin awa biyar ɗin shi ne barci yana zagayowa ne kusan duk minti 90, kuma matakin mafarki yana ƙara tsawo ne idan dare ya tura zuwa asuba.

Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide ta Ostireliya ya gwada su a 2017 da mutum 169. Waɗanda suka haɗa dabarun uku sun dace a kusan kashi 17 cikin ɗari na dararen da suka gwada. Ma'ana, ko a hannun masu bincike, yawancin dare mutum ya katse barcinsa ne bai samu komai ba. Masu bidiyo ba sa faɗar wannan.

Wani abu ya faɗo mini a rai. Wanda ke tashi sallar asuba ya koma ya kwanta ai ya riga ya yi dabara ta uku, ba da niyya ba. Ina kyautata zaton shi ya sa da yawa daga cikin masu ba ni labari suke cewa bayan asuba abin ke zo musu. Wannan tashi ne da jiki ya saba da shi tun ƙuruciya. Ƙararrawar tsakar dare ƙari ce a kansa, kuma a ajin da iyalai da yawa ke kwance tabarma na gogar tabarma, ba mai wayar kaɗai za ta tasa ba. Ga wanda ya kwana da ƙarar harsashi a kunne, duk ƙarar da ta tsinka dare firgita ce.

Akwai kuma maganar ƙwaya. Galantamine maganin ciwon mantuwar tsufa ne. A wani gwaji na 2018 da mutum 121, kashi 42 cikin ɗari na waɗanda suka sha miligiram 8 sun yi mafarki cikin sani, waɗanda aka ba ƙwayar bogi kuwa kashi 14. Yana sa tashin zuciya, yana hana barci, yana iya rage bugun zuciya. Wannan ba sai na yi shawara da kowa ba: za mu ce kada a sha.

8 ga Disamba, 2024

Na kwana biyu a kan wannan, don nan ne zuciyar maganar.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Liat Aviram da Nirit Soffer-Dudek, na Jami'ar Ben-Gurion, a 2018, da ɗalibai 187. Yawan yin mafarki cikin sani shi kaɗai ba su ga yana tafiya da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Waɗanda ma mafarkin ke zo musu da daɗi da natsuwa sun fi ƙarancin wasu alamomin damuwa. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen masu farautar mafarkin da gangan ta hanyar dabaru. Su ne aka fi samu da matsalar barci, kuma bayan wata biyu an ga ƙaruwar abu biyu a tattare da su: jin kamar mutum ya rabu da jikinsa ko duniya ta zama hoto, da kuma baƙin tunani da gane-gane irin waɗanda ke kusa da taɓin hankali. A 2019 Raphaël Vallat da Perrine Ruby na Faransa suka yi gargaɗi a kan yanka barci gunduwa-gunduwa don neman mafarki. A Birazil kuma, a 2016, an yi nazari da masu fama da taɓin hankali. Ba a ga iya sarrafa mafarki ya rage musu ciwo ba, masu binciken suka ja kunne cewa horar da su a kai na iya ƙarfafa ruɗun da ke damunsu.

Dole in yi adalci. Ɗalibai ne masu cike takardar tambayoyi, kuma tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mai yiwuwa wanda hankalinsa ya soma rawa shi ne ke fara neman irin waɗannan dabaru. A gwajin Adelaide ma waɗanda suka dace ba su yi kukan barcinsu ya lalace ba. Ga lafiyayyen saurayi mai ɗaki nasa shi kaɗai da cikakken barci, ban ga hujjar cewa gwadawa jefi-jefi za ta haukata shi ba.

Amma mutanen da nake rubuta wa ba su ne wannan saurayin ba. Akwai matar da ta ce mini tun da ta fito daga Madani, in tana tafiya a kasuwa sai ta ji kamar ba ita ba ce, kamar a talabijin take kallon kanta. Abin da muke koya mata shi ne ta taka ƙasa da tafin ƙafa, ta taɓa randa ta ji sanyinta, ta ambaci sunan garin da ranar, ta tabbatar wa kanta tana nan, ido biyu. Ta yaya zan dawo in ce mata ta yini tana shakkar ko a farke take? Dabarar farko tana rushe daidai abin da muke ƙoƙarin gina mata. Da na kai nan, na san ba za ta shiga saƙonninmu ba.

Likita ya ƙara mini ɗaya. Ga masu ciwon da ke ɗaga mutum sama da zumuɗi da surutu da ɓarnar kuɗi, sannan ya jefo shi cikin baƙin ciki, rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Wasu daga cikinsu ma maganinsu ya yanke a hanyar gudu.

22 ga Disamba, 2024

Mai raksha bai jira mu ba. Mahaifiyarsa ce ta tare ni a bakin ƙofar makaranta.

"Ustaza, ɗanki ya jawo mana. Yana kwance ido buɗe, ba ya motsi, ba ya magana, ya ce wani abu ya hau masa ƙirji. Zan kai shi wajen faki, malamin addu'a."

Dannau ne. Ya bi wata dabara da ke cewa ka kwanta rigingine kada ka motsa, ka bar jiki ya yi barci hankali na farke. Ita ce hanya mafi kusa zuwa dannau. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana turke jiki kamar yadda ake turke dabba da dare, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yana rigan jiki farkawa, sai ka ji ka a ɗaure, numfashi na yi maka nauyi, ga ragowar mafarki na gilmawa a ɗakin. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ba ya kisa. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a cikin ɗalibai kashi 28, a cikin masu jinyar ƙwaƙwalwa kusan kashi 32. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi.

Na ce wa Hajiya addu'a ba ta taɓa yin yawa, ta ci gaba da yi masa. Na roƙe ta abu ɗaya, ta karɓe wayar da dare. Shi kuma na yi masa maganar raksha, don wanda ya kwana yana gadin mafarki, da safe yara 'yan makaranta yake ɗauka. Saƙon dannau ya tsallake layi, shi za mu naɗa a gaba.

13 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya labari ya zo sojoji sun shiga Madani. Gari ya kwana da guɗa da hon ɗin motoci. Ba mu yi aikin komai ba. Wasu sun fara ɗaure kaya, wasu kuma sun ce tun da aka fara maganar komawa, mafarkin da ya lafa ya dawo musu sabo.

26 ga Janairu, 2025

Ba na son a ce na kalli illa kawai, don haka na nemi abin da aka sani game da amfaninsa ga masu mugun mafarki. Akwai, sai dai siriri ne. A Holan a 2006, Victor Spoormaker da Jan van den Bout sun gwada da mutum 23. Mugun mafarki ya ragu, amma har ga waɗanda ba su taɓa kaiwa ga gane suna mafarki ba. Wannan ya sa na yi tunanin ainihin maganin shi ne mutum ya daina jin ba shi da ta cewa a gaban mafarkinsa.

Kuma akwai hanyar kaiwa ga hakan da rana tsaka, ba tare da an taɓa barci ba. Mutum ya ɗauki mafarkin da ke damunsa, ya sake masa labari yadda ransa ke so, sannan ya zauna minti goma zuwa ashirin kullum yana kallon sabon labarin a zuciyarsa, ido biyu. Barry Krakow ya gwada ta a Amurka da mata 168 da aka ci wa zarafi, aka wallafa a 2001, mugayen mafarkansu suka ragu sosai. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa wannan hanya a matsayin wadda take ba da shawarar a bi, mafarki cikin sani kuwa ta ajiye shi a jerin waɗanda ana iya gwadawa. Ita muka ɗauka. Ba ta bukatar karatu ko rubutu, ba ta bukatar ƙararrawa. Za mu ce a fara da ƙaramin mafarki, kada a fara da wanda ya fi kowanne ciwo.

Na kai wa limamin unguwa rubutun, don na san tambayar da za ta taso. Hadisi ya koyar da cewa wanda ya ga abin ƙi a mafarki ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya juya kwanciya, kuma kada ya ba kowa labari. Na yi masa bayani cewa ba a bukatar kowa ya faɗi mugun mafarkinsa, sabon labarin kawai ake riƙewa, shi ma a zuci. Malam ya ce in haka ne bai ga saɓani ba, ya nemi mu fara saƙon da ladubban da suka zo a hadisin. Mun yi hakan, kuma saƙon ya fi kyau.

16 ga Fabrairu, 2025

Mun yi gardama da ungozoma. Ita a ganinta kada mu ambaci mafarki cikin sani kwata-kwata, don ambatonsa talla ne. Ni kuma na ce yaran sun riga sun gani a wayoyinsu, shirunmu zai bar su da mai bidiyo shi kaɗai. Ta yarda, da sharaɗin ba za mu bayyana yadda ake dabarun ba. Ga abin da muka naɗa:

"In ya zo maka da kansa, ka gane mafarki kake yi, kada ka ji tsoro, ba ciwo ba ne, mutane da yawa suna yi. In mugun mafarki ne, ka ce wa kanka mafarki ne, ba zai cuce ni ba. Amma kada ka saita ƙararrawa don nemansa, kada ka yini kana shakkar ko a farke kake, kada ka sha wata ƙwaya saboda shi. Wanda yake jin muryoyi, ko yake jin kamar ya fita daga jikinsa, ko ya taɓa kwanaki ba barci yana zumuɗi, ko akwai mai taɓin hankali a jininsa, ya nisanci dabarun nan gaba ɗaya. Wanda ya fara kasa bambance abin da ya gani a mafarki da abin da ya faru, ya zo mu haɗa shi da likita, kada ya jira."

Mai raksha ya sake wa shingensa labari. Bai gaya mini yadda ya mayar da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce mafarkin na zuwa har yanzu, amma ba kullum ba.

6 ga Maris, 2025

Azumi ya shigo, barcin kowa ya rabu kashi-kashi: bayan tarawihi, bayan sahur, sai na rana. Masu ba ni labarin dannau da mafarki mai kama da gaske sun ƙaru, kuma ban yi mamaki ba, don wanda barcinsa ya gaza yakan faɗa matakin mafarki da wuri idan ya samu ya kwanta. Mun ƙara ɗan gajeren saƙo: a rage hira bayan tarawihi, a bar jabanar tsakar dare, a kwanta ta gefe. Masu shan maganin ƙwaƙwalwa kada su sauya lokacin sha da kansu saboda azumi, su tambayi likita.

Saƙon Fabrairu ya kawo mana wata budurwa da yayarta ta rako. Ta daɗe tana jin ana kiran sunanta ba kowa, tana ɓoyewa. Likita ya gan ta, ta fara magani.

Motocin Madani suna tashi cike kowace safiya, zaman rakuba yana raguwa. Kafin sallah muna so mu haɗa duk saƙonnin a fayil ɗaya mara nauyi da za a iya turawa waya zuwa waya ba intanet, don masu komawa su tafi da shi. Mutanen Kasala sun nemi a turo musu. Iyaye mata kuma sun matsa a kan yaran da ke tashi da ihu cikin dare ba su san inda suke ba, su wayi gari ba su tuna komai. Wannan daban ne da mugun mafarki, daga barci mai nauyi na farkon dare yake tasowa. Na fara rubuta shi, likita zai duba ranar Asabar.